Almakashin da Ido Ba Ya Gani: Yadda Masana Ke Kwafin Ƙwayar Gado

[Taken shiri, sannan ya lafa]

 

Duk gidan da ke da mai ciwon suga da ke shan allura sun san 'yar kwalbar insulin, wadda ake adanawa a firji, ko a gindin randa inda babu wutar lantarki. Tambayata a yau ita ce: ruwan da ke cikin kwalbar nan, wa ya yi shi? Amsar za ta ba wasu mamaki. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya ko yis, suke yin sa a cikin manyan tankuna, bayan masana sun ɗauki umarnin yin insulin irin na ɗan Adam sun sanya musu a jiki. Wannan aiki shi ne kwafin ƙwayar gado, kuma shi za mu bi daki-daki a yau. Burina kafin mu rabu, kowa ya gane cewa sana'a ce mai ƙa'ida, ana koyon ta kamar kowace sana'a, kuma 'ya'yanmu za su iya.

Bari mu soma daga tushe. Jikin mutum, da na akuya, da na dawa, da na wake, duk an gina su ne da ƙwayoyin halitta, ƙanana ainun, sai da madubin likita ake ganin su. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare siriri da ake kira DNA. Zaren da ke cikin ƙwayar halittar mutum guda ɗaya, in da za a warware shi a miƙe, zai kai wajen mita 2. A jikin zaren nan akwai sinadarai iri huɗu a jere, masana na yi musu laƙabi da haruffa huɗu: A, T, G da C. Mutum na da kusan biliyan 3 na waɗannan haruffa daga wajen uwa, da wasu kamar haka daga wajen uba.

Zaren kuma tufka biyu ne, igiya biyu da suka nannaɗe juna, kuma akwai doka a tsakaninsu: in A na wannan gefe, to T ne a gabansa, in G ne, to C ne a gabansa. James Watson da Francis Crick ne suka bayyana wannan siffa a 1953 a Jami'ar Kambirij ta Ingila, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Ku riƙe dokar nan, A da T, G da C, domin duk abin da zan faɗa a gaba a kanta ya rataya.

Ƙwayar gado kuwa wani yanki ne na wannan zare, mai ɗauke da umarnin yin abu guda, yawanci furotin. Akwai ƙwayar gadon insulin, akwai ta sinadarin da ke sa jini ya yi ja, akwai kusan 20,000 irinsu a jikin mutum. Matsalar masana a da ita ce, ƙwayar gado ɗaya a cikin haruffa biliyan 3 ba ta kamuwa. Kafin a yi nazarin ta ko a amfana da ita, sai an ware ta ita kaɗai, an kuma samu miliyoyin kwafinta.

To yaya ake yi? Ku kawo tela a ranku. Yana da almakashi, yana da zare da allura, yana yanko ƙyalle daga wani yadi ya ɗinka shi a jikin wata riga. Kayan aikin masanin ƙwayar gado ke nan, sai dai nasa duk a cikin ɗigon ruwa suke.

Almakashin, a jikin bakteriya aka same shi. Su ma bakteriya suna da maƙiya, wasu ƙwayoyin bairos da ke harba musu DNA ɗinsu. Sai Allah ya hore musu wasu sinadarai, enzayim, da ke daddatsa baƙon DNA kafin ya yi ɓarna. Werner Arber na ƙasar Suwizalan, da Hamilton Smith da Daniel Nathans na Amurka, su suka gano wannan da yadda za a more shi, aka ba su kyautar Nobel a 1978. Abin da ya sa almakashin nan ya zama abin daraja shi ne ba ya yanka barkatai. Kowane iri na da jerin haruffan da yake nema. Shahararren cikinsu, EcoRI, ba ya taɓa zare sai inda ya tarar da G, A, A, T, T, C a jere, nan ne yake yanka tsakanin G da A.

Kuma yankan a karkace yake yin sa. Igiya ɗaya takan ɗara 'yar'uwarta da haruffa huɗu, A, A, T, T, suna reto ba abokan zama. Tunda doka ta ce A sai da T, wannan baki yana neman wani baki da zai dace da shi. Duk wani DNA da aka yanka da almakashi iri ɗaya, na mutum ne ko na kwaɗo ko na bakteriya, bakinsa zai dace. Nan ne asirin aikin yake. Halittu sun bambanta a ido, amma haruffa huɗun nan iri ɗaya ne a jikin kowa.

Bayan yanka sai ɗinki. Bakunan biyu kan manne da kansu, amma mannewar ba ta da ƙarfi. Sai a kawo wani enzayim mai suna ligas, wanda aka gano a 1967, ya ɗinke gaɓar ta zama zare ɗaya.

Saura rigar da za a ɗinka ƙyallen a jikinta. Bayan babban DNA ɗinsu, bakteriya da yawa na ɗauke da wasu 'yan ƙananan zobba na DNA da ake kira falasmid. Zoben yana kwafin kansa a cikin bakteriya, kuma sau da yawa yana ɗauke da ƙwayar gadon da ke hana maganin antibayotik kashe ta. Masana sai su ciro zoben, su buɗe shi da almakashi, su sa ƙwayar gadon da suke so a gurbin, su ɗinke.

Mutum biyu ne suka fara haɗa waɗannan dabaru wuri guda. Stanley Cohen na Jami'ar Stanford ya ƙware a kan zobban falasmid, Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko kuma a ɗakin bincikensa aka samo EcoRI. Sun haɗu a wani taro a Hawai a watan Nuwamban 1972, kowa ya ga cewa abin da ya rasa yana hannun ɗan'uwansa. A 1973 suka sanar da cewa sun ɗinka sabon zobe, sun sa shi cikin bakteriyar E. coli, kuma ya yi aiki. Ba da jimawa ba suka sa DNA na wani kwaɗon Afirka a cikin bakteriyar, ita kuwa ta ci gaba da kwafinsa tamkar nata.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka buɗe rediyo, muna magana ne a kan yadda ake kwafin ƙwayar gado. Mun yanka, mun ɗinka. Yanzu ta yaya zoben zai shiga cikin bakteriya?

Ga yadda ɗalibi ke yi a ɗakin gwaje-gwaje. Zai jiƙa bakteriyar a ruwan wani gishiri, kalsiyam kulorayid, ya ajiye a cikin ƙanƙara. Ya zuba zobban, ya bari su ɗan jima. Daga nan ya tsoma bututun cikin ruwan ɗumi mai digiri 42 a ma'aunin Salshiyas na kamar minti ɗaya, ya mayar cikin ƙanƙara da sauri. Wannan sauyi daga sanyi zuwa zafi kan sa fatar bakteriyar ta ba da kafa, zoben ya kutsa.

Sai dai kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu ke karɓa. To a cikin miliyoyi, ya za a gane mai zobe? Nan amfanin ƙwayar gadon jure magani ya zo. Ana shafa bakteriyar duka a kan faranti mai abincinsu, wanda aka gauraya da antibayotik, misali amfisilin. A rufe, a sa a akwatin ɗumi mai digiri 37, wato zafin jikin mutum, a bar shi ya kwana. Wadda ba ta karɓi zobe ba, magani zai kashe ta. Wadda ta karɓa za ta rayu ta hayayyafa.

Hayayyafar kuwa ba kaɗan ba. In abinci da ɗumi sun wadata, E. coli na rabuwa biyu a kusan kowane minti 20. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. In ba abin da ya tsayar da ita, cikin awa 10 ƙwaya ɗaya ta haura biliyan. Da safe ɗalibi zai tarar da ɗige-ɗige farare a kan faranti. Kowane ɗigo zuriyar bakteriya ɗaya ce, kuma kowace a cikinsu na ɗauke da kwafin ƙwayar gadon da aka ɗinka. Abin da jiya ba ya kamuwa, yau ga shi a faranti ana iya ɗiba da tsinke.

Masani na ƙwarai ba ya tsayawa nan ya ce an gama. Wataƙila zoben ya rufe kansa ba tare da ƙyallen ba. Wataƙila ƙyallen ya shiga a juye. Dole a duba, kuma hanyar dubawa tana cikin dabarun da suka fi kowanne yawan amfani a wannan fanni. Ana dafa wani gari da ake samu daga ciyawar teku, agaros, a zuba a ƙaramin tire ya daskare. A gefe ɗaya akwai 'yan ramuka. A sake ciro zoben daga bakteriya, a yanka, a ɗiga a ramukan, a kunna lantarki. DNA na ɗauke da cajin lantarki na nagetif, saboda haka zai yi ta tafiya zuwa ɓangaren fozitif. Gajerun guntaye na ratsa daskararren agaros da sauri, dogaye na jan jiki a baya. Bayan kamar awa ɗaya a kashe wuta, a haska da wata fitila ta musamman, sai a ga layuka-layuka suna ƙyalli. A gefe akan sa wasu guntaye da aka riga aka san tsawonsu domin gwadawa. In layi ya fito daidai tsawon da ake tsammani, an kama hanya. Cikakken tabbaci kuma sai an karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, dabarar da Frederick Sanger ya fito da ita a 1977. Gani ya kori ji.

Yanzu mu dubi abin da wannan sana'a ta haifar. An gano insulin a 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada, ta hannun Frederick Banting da Charles Best, aka fara yi wa mara lafiya allurarsa a farkon 1922. Kafin nan, yaron da ya kamu da nau'in ciwon sugan da jiki ke daina yin insulin ba ya daɗewa a duniya. Har tsawon shekara sittin bayan haka, duk insulin da ake sayarwa daga mahauta yake fitowa. Ana tara wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, daga shanu da aladu dubbai, a tatso ɗan kaɗan. Insulin furotin ne mai gaɓoɓi 51. Na alade ya saɓa da na mutum a gaɓa ɗaya, na saniya a gaɓa uku, kuma jikin wasu marasa lafiya yakan ƙi shi. Ga Musulmi kuma, maganar alade ta daɗe tana sanya damuwa a zukata, ko da malamai sun yi bayanin lalura.

A 1976 Boyer da wani matashin ɗan kasuwa, Robert Swanson, suka kafa kamfanin Genentech. Suka haɗa hannu da Arthur Riggs da Keiichi Itakura na cibiyar City of Hope a Kalifoniya. Akwai wani cikas: ƙwayar gadon mutum tana da wasu sassa a tsakiyarta da jikinmu ke cirewa kafin ya yi aiki da ita, bakteriya kuwa ba ta iya wannan cirewa ba. Sai suka zaga ta wata hanya. Tunda an san jerin gaɓoɓin insulin, suka harhaɗa DNA ɗin da kansu a ɗakin bincike, harafi bayan harafi. Insulin sarƙa biyu ne, ɗaya mai gaɓa 21, ɗaya mai 30. Suka sa umarnin kowace sarƙa a bakteriya daban, suka tace abin da kowace ta yi, suka haɗa su. A 1978 aka samu insulin irin na mutum daga bakteriya. A 1982 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, kamfanin Eli Lilly ya fitar da shi da sunan Humulin. Shi ne magani na farko a duniya da aka yi ta wannan hanya.

Iyaye mata, ku ma kun san wani ɗan wannan gida. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake yi wa jariri da zarar an haife shi, kuma take cikin allurar penta da ake kai shi daga baya, yis ne ke yin sinadarinta. An sa wa yis ƙwayar gado ɗaya tak ta fatar bairos ɗin, tun 1986 ake amfani da irin wannan. Babu cikakken bairos a ciki, don haka ba ta iya sa wa yaro cutar.

[Gajeren kiɗa]

Akwai wata hanyar kwafi da ba ta buƙatar bakteriya sam, kuma sunanta ya shiga kunnen kowa lokacin korona: PCR. Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus a Kalifoniya, shi ya ƙirƙiro ta a 1983, ya samu Nobel a 1993. A cikin ɗan bututu ana zuba DNA, da wasu gajerun guntaye biyu da ke shata farko da ƙarshen yankin da ake nema, da haruffan nan huɗu a warwatse, da enzayim mai kwafi. Na'ura sai ta riƙa sauya zafi. A wajen digiri 95 igiyoyin biyu su rabu. A sauko wajen 55, gajerun guntayen su kama gurbinsu. A hau 72, enzayim ya bi kowace igiya yana gina mata abokiya bisa dokar A da T, G da C. Zagaye ɗaya, ɗaya ya zama biyu. Zagaye 30, an doshi biliyan, cikin awa biyu ko ƙasa da haka.

Da farko zafin digiri 95 na kashe enzayim ɗin, sai an riƙa ƙara sabo a kowane zagaye. Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. Tun a shekarun 1960 wani masani, Thomas Brock, ya gano wata bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone a Amurka. Lokacin da yake binciken ba wanda ya san amfanin da za ta yi. Enzayim ɗinta, Taq, ba ya jin zafi, kuma da shi ne PCR ta zama aikin da na'ura ke yi ita kaɗai. Duk mai cewa binciken da ba ya kawo kuɗi yau ɓata lokaci ne, ya tuna da wannan.

Ga abin da ya kamata mu 'yan wannan yanki mu sani: rahoton farko da aka wallafa a kan PCR, a 1985, a kan gano cutar sikila ne. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da wannan cuta, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayarta. Musabbabinta harafi ɗaya ne. A ƙwayar gadon sinadarin jan jini, inda ya kamata a ga G, A, G, sai aka samu G, T, G. Wannan sauyi ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ƙashi.

Akwai almakashin da wurin yankansa ya faɗo daidai kan harafin nan. In A ne sai ya yanka, in ya koma T ba ya gane wurin. To a kwafi yankin da PCR, a sa almakashi, a ɗora kan agaros. Mai AA za a ga gajerun layuka. Mai SS za a ga dogon layi, domin ba a yanka ba. Mai AS za a ga duka biyun. Gwajin da ake yi wa masu shirin aure a asibitocinmu yawanci sinadarin jinin yake dubawa maimakon DNA, amma shi ma lantarki ke raba masa AA da AS da SS. In AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki, ku lura, ba ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya haihuwar uku a jere duk da cutar, ana iya haihuwar biyar ba ko ɗaya.

Haka kuma na'urar GeneXpert da ke cibiyoyin tarin fuka, PCR take yi a kan majinar mara lafiya. Cikin kusan awa biyu za ta faɗi ko akwai cutar, har ma ko tana jin maganin rifamfisin.

Na san akwai tambayoyi a zukatanku, kuma mai tambaya ba ya ɓata. Wani zai ce, shin wannan shi ne abin da muka ji an yi da tunkiya? A'a. Tunkiyar nan Dolly, da aka haifa a 1996 a Cibiyar Roslin ta Sukotland, kwafin dabba sukutum ce, kuma wannan wani aiki ne daban mai nasa muhawarar. Abin da muke magana a kai kwafin ɗan yanki ne na DNA. Wani kuma zai ce, ba shiga hurumin Mahalicci ba ne? Ku lura da kayan aikin da na lissafa. Almakashin, a bakteriya aka tarar da shi. Ligas haka. Zoben haka. Taq haka. Masani bai halicci ko ɗaya ba, ya gano su ne ya sarrafa su. Hukuncin halal da haram a kan kowane amfani kuwa na malamai ne, kuma zai fi kyau su yanke shi bayan sun ji cikakken bayanin yadda abin yake daga bakin masu yin sa.

Wani zai ce, babu haɗari? Masanan da kansu suka fara yin wannan tambaya. A 1974 suka yi kira da a dakatar da wasu gwaje-gwaje, a watan Fabrairun 1975 kuma kimanin mutum 140 suka taru a Asilomar ta Kalifoniya, Paul Berg na cikin jagororinsu, suka shimfiɗa ƙa'idoji: wane gwaji za a yi a wane irin ɗaki, wane za a jingine, da amfani da raunanan bakteriyar da ba sa iya rayuwa a waje. Har gobe duk farantin da aka gama aiki da shi sai an dafa shi a tukunyar tururi mai digiri 121 kafin a zubar, musamman da yake yana ɗauke da bakteriya masu jure magani. Ilimi irin wannan ba ya tafiya sai da amana.

Maganar ta iso gonakinmu ma. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da abokan aiki na ƙasashen waje, sun samar da irin waken da ake kira SAMPEA 20-T. An sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa, wadda ke yin furotin mai kashe tsutsar nan ta maruka da ke cinye fure da kwanson wake. Hukumar kula da amincin irin waɗannan kayayyaki, wadda aka kafa a 2015, ta amince da shi a 2019. Masu binciken sun ce manomi zai iya rage feshi zuwa sau biyu a damina. Akwai kuma 'yan ƙasa da ke adawa, suna tambaya a kan lafiyar ci, da muhalli, da wa zai mallaki iri. Tambayoyi ne da suka cancanci amsa a fili, da hujja. Amma al'ummar da ba ta da masu iya ɗaukar ƙwayar wake su kwafi DNA ɗinta su duba abin da ke ciki, ko ta karɓa ko ta ƙi, da bakin wasu za ta yi.

Shi ya sa nake kira ga malaman kimiyya na sakandare. Ba sai kuna da na'urar miliyoyi ba kafin ku nuna wa yara DNA. Ku dama ayaba nunanna da ɗan ruwa, ku sa gishiri kaɗan da sabulun ruwa na wanke-wanke, ku juya a hankali, ku tace da ƙyalle mai tsabta a cikin kofin gilashi. Sai ku tsiyaya sifirit mai sanyi sosai ta gefen kofin, a hankali, nesa da wuta. Sabulu zai fasa ƙwayoyin halitta, gishiri ya taimaka wa zaren ya dunƙule, sifirit ya fito da shi. Cikin 'yan mintoci wani farin abu mai yauƙi zai taso, har a iya naɗe shi a tsinke. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya daina ɗaukar darasin a matsayin hadda.

Iyaye kuma, in 'yarku ko ɗanku ya ce zai karanta ilimin ƙwayoyin cuta ko na sinadaran jiki, kada ku ce me ya sa bai nemi likitanci ba. Likitan da kansa yana jiran sakamakon da zai fito daga hannun wannan yaro kafin ya rubuta magani. Hukumomi da masu hannu da shuni, ɗakin bincike na buƙatar wuta mara yankewa, domin enzayim ɗin nan a digiri 20 ƙasa da sifili ake ajiye su, kuma firjin da ya mutu na iya ɓata aikin watanni. Wanda ya sa wa ɗakin binciken jami'ar jiharsa sola ya yi sadaka mai gudana. Samari da 'yan mata kuwa, a je a yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, tun kafin a kai kayan gaisuwa. Rigakafi ya fi magani.

Nan za mu dakata a yau. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake karanta jerin haruffan DNA, da yadda hakan ke taimaka wa jami'an lafiya bin sawun annoba daga gari zuwa gari. Ku aiko mana da tambayoyinku, za mu amsa su a farkon shirin.  

[Taken rufe shiri]